Gawa a Rigar Ƙarfe

Takobin dodon ya sauka a ƙirjinsa, ya zube a dandamali kamar yadda aka tsara. Shekarunsa da yawa yana sanya rigar ƙarfen wani jarumin mutum-mutumi na finafinan yara a wasan da ake yi a rufin wani babban kanti a birnin Osaka na ƙasar Japan, kuma kowa ya san al'ada: jarumi zai faɗi, yara su yi ihu "Daure!", shi kuma ya miƙe.

To amma a sabon fim an kashe jarumin, kisan da babu dawowa. Da safe mai shirya wasan ya ja masa kunne: "Baba, yau kai gawa ne. Ka motsa ko ɗan yatsa, a bakin aikinka."

Ta ramin idon kwalkwali ya leƙa 'yan kallo. Babu yaro ko ɗaya. Duk magidanta ne masu sanƙo da tumbi da suka sulale daga ofis, su ne kuwa suka cika intanet da cewa mutuwar nan ta yi daidai, ai an girma.

Can wani mai furfura ya share hanci da hannun kwat.

"Daure!"

Sai rufin ya ɗauka gaba ɗaya. "Daure! Haba, tashi mana!"

Ya cije, ya tuna da aikinsa, ya ƙi motsi. Sai wata murya daga bayan labule ta danne ta kowa, a shaƙe da kuka, muryar da ta ja masa kunne da safe.

"Baba, kurma ne kai?"

Gawa ta miƙe.