Kujerar Tsakiya

Sau biyu Glenys ta goge farar rigar, don wuyan rigar ya ƙi kwanciya. Ta sa ta a leda, ta yi tuƙin awa uku zuwa kotu, ta miƙa wa wani lauya a bakin ƙofa.

Yau za a yanke wa direban da ya kashe ɗanta Darcy hukunci. Ranar da aka gama aske gashin tumaki abin ya faru, da rana tsaka. An sha giya kamar kowace shekara, direban ya ce shi garau yake, kamar akwai mashayin da ya taɓa cewa akasin haka. Darcy ya shiga mota ya zauna gefensa. Bishiya ɗaya tak ce a kan wannan miƙaƙƙiyar hanya, kuma ita motar ta nufa. Da aka auna jinin direban, giyar ta ninka abin da doka ta yarda sau uku.

Dangin mamaci sun cika ɓangaren dama. Na hagu, wajen mai laifi, babu ko mutum ɗaya. Tahlia, matar Darcy, ta nuna kujerar kusa da ita.

"Zo nan, Mama. Yau sai ya ruɓe a kurkuku."

Glenys ta ce gwiwarta na ciwo, ta zauna a kujerar tsakiya, bakin hanyar wucewa.

Tahlia ta karanta wa alƙali irin rayuwar da aka bar ta a ciki, da yara biyu. Aka ba Glenys dama, ta girgiza kai. Abu ɗaya ta zo ji, yawan shekarun. Shekararta saba'in da shida, kuma likita ya daina yi mata alkawari a kan zuciyarta.

"Shekara tara," in ji alƙali. "Ba za a duba batun sakinsa ba sai ya yi shida."

"Shida kacal?" Tahlia ta ce. "Ran Darcy ke nan?"

Glenys ta ƙirga a yatsunta, ta tsaya a tamanin da biyu. Ta san ba za ta kai ba, kuma sanin ya yi mata ciwo fiye da ranar jana'iza.

Gandirobobi suka kama hannun direban. A bakin ƙofa ya juyo, wuyan farar rigarsa ya sake miƙewa.

"A sayar da tumakin, Mama. Kada ki jira ni."

'Ya'ya biyu Glenys ta haifa, kuma shi ne wanda ya rage.