Abu Ɗaya da Habibatu Ta Cire

Mamuda ya ture farantin. "Wannan ne kek ɗin? Ai bulo kika gasa."

Sati huɗu matarsa Habibatu ta yi tana shafa wa kek ɗin zabibi da dabino ruwan tuffa don ya yi laushi, a kicin ɗinsu na Manassas, a Amurka. Shi kuwa malamin tsantseni ne, ko biskit ba ya ci sai ya karanta bayan kwali.

"Shekara bakwai ina cin na Madam Doris a ofis duk Kirsimeti. Je ki koya."

"A wajenta na koya, Baban Hafiz. Abu ɗaya na cire."

"Wa ya sa ki? Ki mayar da shi."

Ta miƙa masa takardar da Doris ta rubuta. Layi na uku: giya, kofi biyu.