Na'urar da Aka Kife da Langa

Tun da kai ma ka fara zargin wayarka da hana ka barci, gyara zama ka ji labarin wani direba.

Mutumin nan motar haya yake ja tsakanin Funtuwa da Zariya, tsohuwa tukuf, amma yana ji da ita. Farkon wata damina ƙungiyarsu ta maƙala wa kowace mota wata 'yar na'ura a gaban direba, mai aika sigina irin ta rediyo zuwa ga sauran motoci. In ta gaba ta taka birki a bayan kwana, na'urar motarka sai ta yi ƙara tun kafin idonka ya gani. A daidai lokacin nan ciwon kai ya sa shi gaba. Kullum ya tashi aiki kansa kamar ana sara, ga jiri, ga kasala. To, ka san tasha, ba a rasa likitan baka. Aka ce masa ai abin nan da ba a gani har ƙashi yake ratsawa, kuma ba na motarsa kaɗai ba, duk motar da ta gifta sai ta watsa masa nata. Shi ke nan, magana ta zauna. Cire na'urar ba dama, ƙungiya ta hana, sai ya naɗe ta da tsumma ya kife ta da langa. Abin da ya manta, ko dai ya ƙi tunawa, shi ne bakanikensa ya sha gaya masa salansa, wato bututun hayaƙin motar, ta fashe daidai ƙarƙashin kujerar gaba, inda ƙasan motar ya ruɓe har ana hango kwalta. Shi da hannunsa ya toshe ramin da kwali ya shimfiɗa kafet a kai, yana cewa sai an samu sarari. Da rani gilashi a buɗe yake yini, iska na kwashe hayaƙin. Da ruwa ya sauka ne ya koma rufewa. Wannan bai taɓa faɗo masa a rai ba.

Matarsa na da ciki, na fari, bayan shekarun da suka yi suna roƙon Allah har dangi sun fara ƙananan maganganu. Wallahi son cikin nan yake kamar ransa, kuma tsoronsa na gaskiya ne, ba iyayi ba. Ranar da zai kai ta awo Zariya ya ƙi ɗaukar fasinja ko ɗaya. Ya zaunar da ita gaba kusa da shi, ya ƙara wa langar nan tsumma, ya ɗaga gilasai ya rufe ruf, wai kada siginar manyan motoci ta taɓa abin da ke cikinta. Ba su kai Giwa ba ta ce kanta na juyawa, ko zai ɗan sauke gilashi. Ya ce, "Daure dai, ai don ɗan nan na rufe." Ta daure, don ta san ƙauna ce. Da ta yi shiru ta langaɓe kai har daɗi ya ji, ya ɗauka barci ne. Sai a ƙofar asibiti ya kira ta, ya sake kira, ya girgiza ta, ba amsa. Shi kansa da ya fito neman taimako jiri ne ya kwashe shi.

Da yake da sauran kwana a gaba, ta farfaɗo bayan an sa mata iskar taimakon numfashi. Cikin ne bai tsaya ba. Likita tambaya ɗaya ya yi masa: ko hayaƙi na shiga motar? Ya koma ya ɗaga kafet, ya ga kwalin nan ya yi baƙi ƙirin, daidai inda ƙafafunta suke. Ga langa can a kife, ko motsi ba ta yi ba. Nan ya durƙusa ya yi kukan da bai taɓa yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa.

Ba a ce a yi wasa da siginar nan ba. Masu aunawa su auna, su gaya wa jama'a gaskiya. Amma kafin mutum ya kafa wa abin da ba ya gani laifi, ya fara ɗaga kafet ɗin da ya shimfiɗa da hannunsa. In ba haka ba, ya zama abin da Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.