Ƙirjin Aro

Barira ta ja mayafin ƙanwarta Lubabatu har bisa hanci, ta hau kamyon, babbar motar ɗaukar hoton ƙirji da ƙasashen waje suka aiko Damagaram farautar tarin fuka. Da aka kira "Lubabatu ta Zango", ita ta amsa. Wane namiji zai ce wa matar aure ta buɗe fuska?

Lubabatu na gida tana tari kamar ranta zai fita. Wanda hoto ya kama kuwa, sai ɗakin bayan asibiti, ba shiga ba fita. Barira ko atishawa ba ta yi. Tuni ma ta ɗauke ɗan Lubabatu zuwa ɗakinta, kada ya kwashi ciwon uwarsa. Ta manna ƙirji a ƙarfe, ta sauko tana yi wa ilimin nasara dariya.

Ran Laraba sai ga gardi, dogarin hukuma, da malamin asibiti a zaure.

"Lubabatu, hotonki ya nuna ciwo. Naɗo tabarmarki," in ji gardin.

"Yaya, ba kin ce kin gyara ba?" in ji Lubabatu cikin raɗa.

Malamin ya daɗe yana sauraron numfashin Lubabatu ta bayanta, ya ɗago. "Mece ce sana'arki?"

"Tuyar ƙuli-ƙuli."

"Wannan ai tarin hayaƙi ne. Huhun da ke hoton kuwa rabi ya cinye. To ƙirjin wa muka ɗauka?"

Barira na tsaye bakin ƙofa, yaron goye a bayanta.

Sai yaron ya yi tari.