Kuncin Malam Umar

A karo na uku da reza ta ci kuncin Ashafa, sai ya ajiye madubi ya tsaya kallon jinin da ke bin yatsunsa. Shekara ashirin yana rini a Ƙofar Mata, hannunsa bai san wani launi ba sai shuɗi. Yau ga shi ya samu ja, kyauta.

Malam Umar ne ya kawo wannan ci gaba unguwa. Akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa, yana da keke, yana da agogo, yana kuma da kuncin da ko ƙuda ya sauka a kai sai santsi ya kwashe shi. Kullum bayan la'asar yakan zauna a dakalin ƙofar gidansa, ya buɗe wani ɗan akwati ya fito da askar Bature: ɗan ƙarfe mai mariƙi, bai kai cokali nauyi ba, ana ɗaura masa reza mai baki ɗaya. Sai ya juya ta a rana tana walƙiya, ko ɗigon tsatsa babu, ya shiga yi wa jama'a bayanin yadda wayayye ke gyara fuskarsa da kansa, ba ya miƙa wuyansa ga wani tsoho mai zabira ba.

Ashafa yana da dalilin sauraro. Luba, bazawarar da yake nema, ta taɓa cewa a gabansa fuskar akawun nan kamar ɓawon ƙwai. Washegari ya dira kasuwar Ƙofar Wambai ya sayo tasa askar. Ya kuma sallami Baba Garba, wanzamin gidansu, wanda shi ya yi masa askin suna.

"Baba, zamani ya wuce ku," in ji Ashafa.

Baba Garba ya naɗe zabirarsa a natse. "To, madalla. Ka dai tanadi auduga, ɗana."

Da Ashafa ya kai wa Malam Umar kuncinsa bayan askin farko, Malam ya duba, ya kaɗa kai irin na likita. Ya ce laifin reza ne. Wa ya ce masa ya sayi mai jar takarda? Mai shuɗiyar takarda ake saye, ta Ingila. Ashafa ya sayo ta Ingila, ta kuwa nuna masa aikin Ingila: ta jar takarda tana karta ne kawai, wannan yanka take yi.

Malam ya ce to, matsalar riƙo ce. Askar ba ta da nauyi, shi ya sa jahili ke danna ta, alhali ba a dannawa. A kwantar da ita digiri talatin, a bi gashi inda ya kwanta, a ja kaɗan-kaɗan. Ashafa bai san ko a wace rumfa ake sayar da digiri ba, amma ya ji kunyar tambaya. Ya koma gida ya kwantar da aska, ya bi gashi, gashi ya zauna daram, fata ta biyo shi.

Daga nan aka ce sabuwar reza ta cika zafi, ya wasa ta a cikin tambulan ta huce. Aka ce ruwan ɗumi. Aka ce sabulun salo bai dace ba, sai na kanti mai ƙamshi. A bakin karofi abokan aikinsa suka fara tambayarsa ko sabuwar tsagar gado aka yi masa, kuma ta wace ƙabila ce.

"Malam, ka bari in zo da safe in ga yadda kake yi," ya roƙa.

"Safiya lokacin nazari ce, ba na ganin kowa," in ji Malam Umar. "Gaskiya ma, Ashafa, askar ba ta da laifi. Fuskar taka ce ba ta waye ba tukuna."

Ranar Juma'a bayan masallaci ne manyansa za su kai shi gaida kawun Luba, mutumin da aka ce daga fuska yake karanta hali. Da asubahin ranar Ashafa ya yi bisimilla ya gwada na ƙarshe. Kafin gari ya waye, kuncin dama ya zama gonar da aka yi wa huɗa, na hagu kuwa daji ne ba a ko share ba, ga ƙullin auduga biyar manne da haɓa.

Ya haɗiye girman kai, ya ja rawani ya rufe rabin fuska, ya nufi gidan Baba Garba. Gwaggo, matar wanzamin, ta amsa daga ciki cewa ai tsohon ba ya wuce sallar asuba a gida, ya fita tun ɗazu kamar kullum.

Saura mutum ɗaya a duniya. Nazari ko ba nazari ba, yau sai Malam Umar ya riƙe askar nan da hannunsa ya ƙarasa masa. Ya bi lungu da sassarfa. Ƙofar zauren a sakaye take. Ya yi sallama sau biyu, shiru, sai ya tura ya shiga.

Malam Umar na zaune a tabarma, kai a ɗage, ido a lumshe, kumfa har kunne. Wanda ke tsugune a gabansa bai ko waiwayo ba, ya goge askarsa a tafin hannu ya ci gaba da aiki.

"Samu wuri ka jira, ɗana," in ji Baba Garba. "Shekara goma sha ɗaya ke nan kullum da Malam nake farawa."