Lalube a Bakin Get

Hannun mai gadin ya tsaya cak a ɓangaren hagu na ƙirjin wata ma'aikaciya.

A kamfanin biskit ɗin nan na Kudenda, ba mai fita sai an lalube shi. Yau ta dawo aiki bayan ciwon daji ya sa an cire mata nono. Ta ɓoye zancen don kada a sallame ta, ta cusa auduga a gurbin.

Layi ya tsaya. Manaja ya matso.

"Me ta sata?"

Mai gadin, wata dattijuwa, ta daɗe tana kallonta.

"Ba komai, oga. Wuce, 'yata."

Tana giftawa dattijuwar ta raɗa mata: "Auduga gocewa take yi. Ɗura gero a safa. Shekara shida ke nan shi nake sawa."