Adaidaita Goma a Ƙofar Gidan Bawa

Tun da shawara ka zo nema a kan kuɗin da kake son zubawa a motocin zamani, gyara zama in ba ka misali, kai ka auna da kanka.

An yi wata mata mai sana'ar ƙanƙara, sunanta Lantana, da wanta Bawa. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu tsohuwar bas da wani fili a bakin tasha. Suka sayar, suka yi shawarar ba za su raba kuɗin ba, za su haɗa su juya. A lokacin fetur ya yi tsadar da direba zai wuni yana kai da kawowa ya koma gida da abin da bai isa cefane ba. Sai Bawa ya je birni ya ga adaidaita sahu mai aiki da batir, ba ƙara, ba hayaƙi, ba ruwanta da layin gidan mai. Ya dawo jiki na rawa, ya ce guda goma za su saya. Lantana ba ta ƙi abin ba, don ita ma ta ga inda duniya ta dosa. Sai dai babu wanda ya kai ta sanin halin wutar garinsu. Sau nawa ta kwanta da firji cike, ta wayi gari tana kwarar da ruwa a kwata? Ta ce masa, "Yaya, mu rage yawansu. Sauran kuɗin mu kafa farantan sola a rufi, mu ajiye batiran canji, mu tura wani ya koyo gyaransu. Abin nan wuta yake ci, mu kuwa ba mu da ita." Bawa ya yi dariya, ya ce ita dai tunaninta bai wuce firji ba. Wa zai ɗaga kai ya ga faranti a rufi ya san ka yi arziki? In kekuna suka fara kawowa, har masallaci sai ya sa wa sola. Ta bi ta wajen kawunsu, ta bi ta wajen matarsa, ta koma da kanta har bakinta ya gaji. Kullum amsarsa ɗaya ce: an ji.

Ranar da kekunan suka iso, goma cif, kore shar, aka jera su a ƙofar gida, aka kira mai hoto, maroƙa suka yi ta zuba kirari. Lantana na tsaye a soro, ba kekunan take kallo ba. Idonta na kan soket ɗaya tilo da ke jikin bango, wanda aka jona wa wayoyi reshe-reshe kamar yaɗon kabewa. Ta ja tsaki ta koma gidanta. Da farko wuta ta yi kirki, fasinjoji suka yi ta rububin keken da ba ya sa su tari, Bawa kuwa duk inda ya gan ta sai ya ce, "Ina mai sola?"

Ana gab da Sallah, lokacin da kowa ke neman abin hawa zuwa kasuwa da wajen tela, aka yi ruwa da iska, taransifomar unguwa ta ƙone. Kekuna suka ƙarasa ɗan cajin da ke cikinsu suka tsaya cak. Awaki suka mai da kujerunsu wurin kwana, wata kaza har ta fara saka ƙwai a ƙarƙashin ɗaya. Direbobi suka jira suka gaji, suka watse, don iyali ba sa cin alkawari. Sai a lokacin Bawa ya ruga wajen mai haɗa sola, ya ce a kafa masa yau yau. Mutumin ya ce kaya sai an yo oda daga birni, ga masu jira a gabansa, kuma ba a ɗora faranti da fatar baki. Bawa ya laluba aljihu, komai ya tafi a kekuna. Dabarar da ta zo masa ita ce ya yi hayar wani tsohon janareta. Lantana ta zo ta tarar da wanta da jarka a layin gidan mai, yana sayen fetur ɗin da suka guje wa don ya ciyar da kekunan da ba sa shan fetur. Hayaƙi ya turnuƙe layin, maƙwabta suka kai ƙara wajen mai unguwa. Janaretan ma ya kasa ɗaukar nauyin, wuta na hawa tana sauka har ta cinye batira da dama. Kaf garin babu wanda ya san cikinsu. Wani mai gyaran rediyo ya ce a ba shi ya gwada, ya buɗe ɗaya, ya ƙarasa shi.

Sallah ta wuce a idonsu. Daga baya wani mutumin garin gaba, wanda ya daɗe da kafa farantansa, ya zo ya kwashi yawancin kekunan a farashin da ya ga dama. Gadon Lantana ya narke tare da na wanda bai ji maganarta ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da la'asar Bawa ya shigo gidanta, hula a hannu, ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Lantana, yanzu yaya za mu yi?"  Ta tura masa kofin ruwa kawai, ta ce, "Yaya, sai yanzu?"

To, ka ji. Abin hawan bai yi laifi ba, zamani ne ya kawo shi, kuma zamani ba ya komawa baya. Amma kafin ka sayi abin da ke tafiya, ka fara tanadin abin da zai tafiyar da shi, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.